Mai Sanwici Ya Liƙa Takardar Duba-Gari a Ƙofarsa

Daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu na rana, duk wanda ya tsaya a titin Murtala Muhammad ko Bank Road ko bakin sakatariyar Audu Bako a Kano zai ga ma'aikata suna ta fitowa da hanzari, wasu sun nufi masallaci, wasu sun nufi inda za su sa wani abu a bakin salati. Da yawa daga cikin na biyun nan ba su da lokacin zama a zubo musu shinkafa da miya, don haka sai su faɗa ɗan shagon da ke sayar da sanwici da shawarma da biredi da ƙwai, irin mai kujeru shida da firji ɗaya da gilashi a gaba. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Garin da ya saba da gurasa da tsire da bandashe ya daɗe da sanin daɗin a naɗe nama cikin fulawa a ci da hannu ɗaya, haka ma mutanen Maraɗi da Damagaram da dogon biredinsu da ake tsagawa a cusa nama ko wainar ƙwai. Abin da ya sauya shi ne kayan haɗin. Gurasa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa za su yini a faifai ba su cutar da kowa ba, amma kaza da mayonis da yankakken kabeji ba sa yafe wa zafin Kano.

Ra'ayina a kan wannan shi ne, ma'aikacin da ya shiga sabon shago don ya gwada abincinsu rabin gaskiyar wurin kaɗai zai iya gani. Ɗaya rabin yana cikin firji da bayan labule, kuma mutum ɗaya ne doka ta ba shi ikon leƙa wurin, wato duba-gari. Ya kamata abin da duba-gari ya gani ya daina kwana a cikin fayil a ofishin ƙaramar hukuma, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a liƙa a ƙofar shagon.

A fara da rabin da mai saye zai iya aunawa da kansa, na farko kuwa agogo ne. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce wanda yake aikin awa shida ko fiye a rana a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. (Dokar ba ta game kowa ba, don ta cire masu aikin gudanarwa da manyan ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci", amma awa ɗayar nan ita ce aka saba yin lissafi da ita.) A cire minti goma sha biyar na alwala da sallar azahar, a cire goma na zuwa da goma na dawowa, saura minti ashirin da biyar. Shagon da zai yi wa ma'aikaci amfani sai ya miƙa masa abincinsa cikin minti biyar zuwa bakwai daga lokacin da ya faɗi abin da yake so. Wannan ba ya samuwa sai an kammala shiri tun kafin sha biyu: an yanka albasa da tumatir, an tsane latas, an dafa kaza an tsattsage ta, an raba ta kaso-kaso. In ka ga sai bayan ka yi oda aka ɗauko kabeji ana neman wuƙa, to minti ashirin ne a gabanka. Jerin abincin ma yana faɗin gaskiya. Shagon da mutum biyu ke aiki a cikinsa amma allonsa na ɗauke da abinci iri talatin, ko dai rabinsu babu, ko kuma akwai kayan da suka kwana uku suna jiran mai tambaya. Iri shida zuwa takwas sun wadatar. Sai kuma wurin biya, inda layi ya fi tsayawa: wannan ya yi tiransifa alat bai shigo ba, na'urar POS ta ce babu sabis, ga mutum biyar a baya suna duba agogo. Shagon da ya san aikinsa yana karɓar kuɗi tun farko a gefe guda, ya ba ka lamba, abinci ya fito ta ɗaya gefen.

Na biyu shi ne haɗin sanwicin kansa, kuma a nan ake gane wanda ya koya da wanda ya gani a waya ya kwaikwaya. Babban abokin gabar biredi ruwa ne. Shi ya sa ake fara shafa bota ko mayonis siriri a fuskar yanka biyun har bakin gefe, maiƙon ya zama katanga. Latas yana biye, a bushe sarai, sannan nama, tumatir kuma a tsakiya inda ba zai taɓa biredi ba. Tumatir da kokwamba in an barbaɗa musu gishiri suna fara zubar da ruwa cikin 'yan mintuna, saboda haka ko dai a sa musu gishirin tun da wuri a tsane su, ko a bari sai lokacin miƙawa. Nama giram 80 zuwa 100 ya ishi sanwici ɗaya ya riƙe mutum har la'asar. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: ka buɗe ka duba ko naman ya kai kusurwa huɗu, ko kuwa an tara shi ne a tsakiya daidai inda wuƙa za ta ratsa don ya yi kyau a ido. Biredinmu na yanka yana da sukari da laushi, yana saurin ƙonewa a waje cikinsa bai ɗumama ba, don haka wuta matsakaiciya yake so, kamar minti biyu kowane gefe. In an naɗe shi da zafinsa a leda, tururi zai koma ciki, kafin ka isa ofis ya zama kamar jiƙaƙƙen soso. Takarda mai tsafta ita ce daidai. Tsohuwar jarida kuwa ba ta dace da abinci mai maiƙo ba, tawadarta na narkewa ta bi shi.

Akwai kuma aljihu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. In aka raba shi ga ranakun aiki 22, kowace rana ba ta kai naira 3,200 ba. A ƙaddara sanwici da ruwa sun tashi naira 1,500: a wata 33,000 ke nan, kusan rabin albashin masinja ko mai shara. Wanda ya fitar da irin wannan kuɗi yana da haƙƙin ya ga farashi a rubuce kafin ya yi oda, kuma yana da haƙƙin da ya fi wannan, wato kada abincin ya kwantar da shi gobe.

To, ga inda idon mai saye yake ƙarewa. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata ciki suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selshiyos, kuma sun fi jin daɗi a kusa da zafin jikin mutum, digiri 37. A watan Afrilu zafin Kano yana haura 40 a inuwa, ballantana a ɗan shago mai rufin kwano da kaskon suya a kunne. In yanayi ya yi musu daidai, wasunsu suna ninkuwa duk bayan minti ashirin. Lissafin ba wuya: awa huɗu ninki goma sha biyu ne, ƙwaya 100 ta zama sama da 400,000. Kazar da aka tsattsage da ƙarfe tara na safe aka bari a roba a kan tebur, zuwa ƙarfe ɗaya ta yi wannan tafiyar, kuma ba ta wari, ba ta sauya kala, ɗanɗanonta lafiya lau. Ƙa'idar da hukumomin abinci na Amurka ke bayarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya tak. A lissafin nan, kusan rabin shekara muna cikin dokar awa ɗaya.

Mutane sun fi ɗora laifi a kan mayonis, alhali na kwalba da kamfani ya yi yana da tsami sosai, ƙwayoyin cuta ba sa sakewa a cikinsa. Matsalar tana farawa ne in an gauraya shi da kaza ko dafaffen ƙwai ko kabeji, tsamin ya salance, a bar haɗin a waje. Wanda ake kaɗawa a shago da ɗanyen ƙwai kuwa, wannan maganarsa daban, don ta nan ƙwayar cutar salmonela take shiga. Akwai wata ƙwayar, sitafilokokus, da ke zaune a hanci da fatar kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba tare da ta dame su ba. In ta sauka daga hannu zuwa dafaffen nama ta sami awanni, sai ta saki dafin da wuta ba ta kashe shi. Ko an mayar da sanwicin kan kasko ya yi zafi zau, dafin yana nan, amai zai iya farawa daga rabin awa zuwa awa takwas. Salmonela ita kuma takan ɗauki awa shida har zuwa kwana shida kafin ta nuna kanta. Wannan tazarar ce take sa ba a kama mai laifi. Mutum ya ci a shago ranar Litinin, ciki ya murɗa ranar Laraba, sai ya zargi tuwon daren jiya, ko ya tafi kemis ya ce taifod ce ta tashi. Kasuwa ba za ta iya hukunta shagon da ba a san shi ya yi ɓarnar ba.

Ka tsaya a gaban gilashin minti biyu ka kalli hannun yaron da ke haɗawa. Yana sanye da safar roba fara, abin sha'awa. Ya ɗebi kaza ya shimfiɗa, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, a sa yaji?" Kafin ka amsa wani ya miƙo dubu ɗaya da ta sha hannu har ta yi laushi, ya karɓa da safar, ya ja aljihun tebur ya ba da canji, ya gyara hularsa, ya latsa waya ya duba alat, sannan ya koma ya damƙi latas. Safar ta kare hannunsa, ba ta kare cikinka ba. Hannu tsirara da ake wankewa da sabulu na daƙiƙa ashirin duk bayan an taɓa kuɗi ya fi wannan safar sau goma. Irin wannan kana iya ganinsa ka juya. Abin da ba za ka gani ba shi ne ko allon da aka yanka latas a kai shi ne aka daddatsa ɗanyar kaza a kansa da safe.

Firji ma haka. Fitilarsa tana ci, lemo yana da ɗan sanyi, amma wa ya san awa nawa ya yi babu wuta tun daren jiya? Firjin da aka bari a rufe yana riƙe sanyin da ya dace na kimanin awa huɗu bayan ɗauke wuta, firiza cikakkiya kuma kwana biyu, in rabi ce kwana ɗaya. Firjin shago kuwa ba ya zama a rufe, duk minti biyu sai an buɗe an ɗauko ruwa. Ga man janareto da tsada, ga jarabar a kashe shi da an rufe shago. Sanyin ma ba ya maganin komai: ƙwayar cutar listeriya tana girma a hankali har a cikin firji, kuma ta fi son yankakken naman kanti da sosej, ta fi yin illa ga masu juna biyu da tsofaffi. A 2024 ta kashe mutum goma a Amurka ta hanyar naman sanwici da ya fito daga masana'anta guda a jihar Bajiniya. Can ke nan da wuta ba ta ɗaukewa.

Shawarma tana da nata tarkon. Wutar tana gasa fatar waje ne kawai, kamar kaurin yatsa, cikin tulin naman yana nan ɗanye da ɗumi-ɗumi. In layi ya yi tsawo, mai yanka yakan zurfafa wuƙa ya haɗo da wanda bai nuna ba. Maganinsa a sake watsa abin da aka yanko a kasko har ya kai digiri 74 in kaza ce, kuma abin da ya rage a jikin ƙarfe da daddare kada a mayar da shi wuta gobe. Ganye kuma, sanin kowa ne cewa wani ɓangare na latas da kabejin da ke shiga kasuwannin gari ana ban-ruwansa ne da ruwan Jakara da Getsi, waɗanda ke kwashe dattin unguwanni da na masana'antun Bompai. Ɗauraya da gishiri tana rage ƙasa da tsutsa, ba ta wadatar ba. Abin da ke aiki shi ne a ware ganyen ɗaya-ɗaya a wanke, a jiƙa na 'yan mintuna a ruwan da aka sa wa ƙaramin cokali ɗaya na bilic marar ƙamshi, mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, a lita uku da rabi, sannan a ɗauraye da ruwa mai tsafta a tsane. Ba wanda zai gane an yi wannan ko ba a yi ba ta hanyar kallon latas.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 sun ce mutum miliyan 600 ne gurɓataccen abinci ke kwantarwa duk shekara, 420,000 su mutu, kuma in aka yi la'akari da yawan jama'a Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin, inda mutum 137,000 ke mutuwa. Ba duka daga shaguna ba ne, amma shago ne wurin da kuskuren mutum ɗaya ke shiga cikin mutum ɗari kafin la'asar.

Wasu garuruwan sun daɗe da gano dabarar da nake magana a kai. Gundumar Los Anjeles a Amurka ta fara liƙa maki a tagogin gidajen abinci a 1998. Denmak ta fito da tata a 2001, da hoton fuska mai murmushi ko mai ɗaure fuska. Birnin Niyok ya bi sahu a watan Yulin 2010: ana ƙirga laifuffuka, wanda ya tara maki 0 zuwa 13 ya sami A, 14 zuwa 27 B, 28 zuwa sama C, kuma dole a kafa takardar inda mai wucewa zai gani. A mafi yawan yankunan Birtaniya lamba ce daga 0 zuwa 5. Yankin Wales ya wajabta liƙawa tun 2013, Ireland ta Arewa tun 2016, a Ingila kuwa an bar wa mai shago zaɓi, kuma ba sai an faɗa ba, mai 5 ne ke rawar jikin liƙawa, mai 1 ya jefa tasa a aljihun tebur. Darasin da ke nan shi ne in ba dole, ba amfani.

Mu ba sabon gini za mu yi ba. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya ɗora kula da gidajen abinci da gidajen biredi a wuyan ƙananan hukumomi. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, ta fi mayar da hankali kan abin da aka sarrafa aka ƙulle a leda ko gwangwani, ita ce ta hana sa sinadarin buromet a biredi a zamanin da Dora Akunyili ke shugabantarta, amma robar kazar da ke kan teburin wani shago a Fagge aikin jami'in tsaftar muhalli ne. Kano tana da makarantar horar da su tun zamanin Turawa, kuma dattawa har yau suna ba da labarin yadda mata ke rige-rigen wanke randa in an ce ga duba-gari nan. Abin da ya rage na aikin a idon yawancin masu shago yanzu shi ne rasit: a zo sau ɗaya a shekara, a karɓi kuɗin lasisi da na gwajin lafiyar ma'aikata, a tafi.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: takardar za ta zama haja, mai kuɗi ya sayi kore, alamar ya ci dubawa, talaka a liƙa masa ja, alamar ya faɗi, har sai ya "ga" jami'i. Ko a Niyok, wani malamin shari'a na Jami'ar Stanford, Daniel Ho, ya nuna a 2012 cewa makin shaguna yana taruwa jingim a daidai bakin iyakar A, alamar masu duba suna sassauta hannu in an zo gaɓar. Sai dai cin hancin da ake tsoro yana nan ko yanzu, bambancin kawai a ɓoye yake kuma ba wanda ya sa hannu a kan komai. Takardar da ke ɗauke da sunan jami'i da lambarsa da ranar da ya zo tana ɗaure shi. In shago mai kore ya kwantar da ma'aikatan ofis guda, an san wanda za a kira.

Hanyar rage son rai ita ce a taƙaita abin da ake dubawa zuwa abin da ake iya aunawa, a bar maganar fenti da tayil da kyan kujeru, waɗanda ke fifita mai jari kawai. Zafin cikin firji digiri nawa ne a lokacin da aka shigo, 5 ko ƙasa? Naman da ke jiran mai saye yana sama da 60 ko yana cikin sanyi? Akwai ruwa da sabulu a inda mai haɗa abinci zai kai hannu ba tare da ya fita waje ba? Allon ɗanyen nama daban yake da na ganye? Mai karɓar kuɗi shi ne mai taɓa abinci? Robobin da ke firji suna ɗauke da ranar da aka dafa abin da ke ciki? Tambaya shida, kowacce amsarta i ko a'a, kuma mai shayi da teburinsa da kularsa ta ƙanƙara zai iya cinye su duka yayin da wani shago mai na'urar sanyaya ɗaki ya faɗi uku. Kala uku sun isa, kore da ruwan ɗorawa da ja, don wanda bai yi boko ba ma ya karanta. Wanda ya faɗi a ba shi mako biyu ya gyara a dawo, kamar yadda Niyok ke sake zagayowa kafin ta liƙa B ko C. Kada kuɗin tara ya shiga hannun jami'in da ya yi dubawar, kuma a riƙa juya su tsakanin unguwanni.

Ba sai an game ƙananan hukumomi 44 a tashi ɗaya ba. Birni da Kewaye da Fagge da Nasarawa da Tarauni su ne ke ɗauke da mafi yawan ofisoshi da bankuna, a fara da titunan da ma'aikata ke cin abincin rana a cikinsu. Kayan aikin da jami'i ke buƙata ma'aunin zafi ne mai tsinke da ake cakawa a nama, da audugar goge shi da sifirit, da littafi mai kwafi biyu. Lokacin zuwa kuma ya zama tsakanin sha biyu da rabi da ƙarfe biyu, ba tare da sanarwa ba, sa'ar da layi ya kai ƙofa kuma kazar safe ta yi awa huɗu da sauka daga wuta.